Shinkafar da Ta Ruɓe a Shanya

A bakin kogin Haɗejiya Ummussalma ta fara ganinsa, ranar da ta kai abinci gonar mahaifinta. Ya ɗaga kai sama kamar mai duban wata, ga wata na'ura a gabansa. Dariya ta kufce mata, ya juyo, shi ke nan.

Sunansa Abdulmannan, ɗalibi ne mai bincike. Tauraron ɗan'adam kan ɗauki hoton gajimare ya ƙiyasta kaurinsa da ruwan da ke cikinsa, shi kuma aikinsa ya auna iya kuskuren da ƙiyasin zai iya yi.

Da mahaifinta Alhaji Shu'ibu ya ji haka sai ya yatsina fuska. "Wato kuskure ya je ya karanto? Mutumin da komai ka tambaye shi sai ya ce watakila, shi zan ba 'yata?"

Hankalin Alhaji ya fi kwanciya da Baƙo dillalin shinkafa, wanda bai taɓa cewa bai sani ba. Ita kuwa ko muryarsa ba ta son ji. Yana zance yana tofar da tukar goro, ga cika baki.

An yanke shinkafar rani damina na bakin ƙofa. Baƙo ya leƙa wayarsa ya bugi ƙirji. "Alhaji, baza ta duka, kwana uku ba ɗigo!"

Ran nan saƙon Abdulmannan ya shigo mata: "Salmata, ki roƙi Baba ya shanya rabi kawai. Wani siririn gajimare ya tare wa tauraron gani, ban san me ke ƙarƙashinsa ba. Ban ce za a yi ruwa ba, amma ba zan rantse ba."

Takaici ya ishe ta. Ta rubuta masa: "Haba masoyi, ko sau ɗaya ka tsaya a magana ɗaya mana! Na gaji da gori." Ba ta kai wa mahaifinta saƙon ba, aka baza shinkafar duka.

Washegari ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya yi kwana biyu yana yayyafi. Shinkafa ta jiƙe ta fara tsiro, tsami ya cika unguwa. Baƙo ya zo yana toshe hanci, wai a bar masa ita a farashin abincin kaji. Abdulmannan kuwa ya naɗe wando ya shiga cikin tarin da shebur yana ware mai sauran amfani.

Ummussalma ta ji ƙyamar kanta. Ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta wayar. "Baba, laifina ne. Kunyar maganarsa na ji."

Alhaji ya karanta sau biyu, ya daɗe yana kallon saurayin.

"Kai, Abdulmannan, je ka yi wanka, wallahi wari kake. Ran Juma'a ka turo min manyanka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Ranar kai amarya mahaifiyarta Hajo ta dafa kanta tana hawaye. "Saƙon mijinki, ko bai yi miki daɗi ba, ki riƙe shi da daraja. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."