Ruwan Batir a Bakin Suri

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

"Ta iso, Yaya, mun ba ta wuri."

To ku matso, ku kife wayoyin nan.

Akwai wani malamin jami'a, Dakta Sagir, mai koyar da kwamfuta. Mutum ne mai son taɓe-taɓe. Inbatar da ke ba gidansa wuta shi ya haɗa ta, kyamarar ƙofar ofishinsa shi ya kafa. Duk wanda ya goge hoto ko aikin makaranta bisa kuskure, wajensa yake zuwa ya dawo masa da shi. Amma abin da ya fi so a duniya ita ce 'yarsa Walida, wadda aka daɗe ana jira kafin Allah ya kawo ta. Kullum sai ya ɗauke ta hoto. Ya ajiye a waya, ya ajiye a kwamfuta, ya ajiye a intanet, don kada ko ɗaya ya ɓata.

Wata Asabar da tsakar rana ya sauke tsohon batirin inbata zai canza masa ruwa. Kun san ruwan batir, ko tufa ya taɓa sai ya cinye. Ya ɗauka ya nufi bayan gida, inda wani suri yake.

Matarsa Mardiyya ta leƙo ta taga. "Baban Walida, rana ta take. Ka yi bisimilla, ka ce masu wuri su kauce."

"Gara ce a ciki, Mardiyya. Ita ma nake son kashewa."

Ya tuttule ruwan a ramin surin. Ƙasa ta yi kumfa. Ya ji wani ɗan kuka siriri, ya ce kyanwa ce.

Ran Litinin bayan azahar, ɗalibai sun watse, yana ofis shi kaɗai. Aka yi sallama. Ya dubi allon kyamara. Baranda fayau, ba kowa. Aka sake sallama, wannan karon a cikin ɗakin.

Mace ce zaune a kujerar baƙi, da goyo lulluɓe da mayafi. Bakinta yakan motsa, sai daga baya maganar ta iso, kamar kiran waya in sabis ya yi rauni.

"Malam, an ce kai ne mai dawo da abin da aka goge."

"Ina taɓawa, Hajiya. Waya ce ko kwamfuta?"

Ta kwance goyon, ta shimfiɗa a kan tebur, ta yaye mayafin. Yarinya ce, tana numfashi. Ga kitso, ga 'yan kunne. Fuska ce babu. Sumul, kamar bayan ƙwarya.

"Barci take yi a ƙofar ɗakinmu ranar Asabar. Dawo min da fuskarta."

Ya tuna da surin bayan gida. "Wallahi ban gan ta ba."

"Matarka ta gaya maka."

"Wannan ya fi ƙarfina, baiwar Allah. Ki yafe min."

Ta juya ta dubi allon kwamfutarsa. Hoton Walida ne a kai, tana dariya, wushiryarta a waje.

"Taka ce wannan? Tubarkalla."

Ya zube a ƙasa. "Kada ki taɓa ta. Ni na zuba, ni za ki kama."

"Ba zan taɓa ta ba, yarinya ba ta yi min komai ba. Ka ce ba ka ga tawa ba. To, shi ke nan."

Ta mayar da goyonta ta fita. Takalminta bai yi ƙara a kan tayil ba.

Ya miƙe ya dubi allon. Ga rigar Walida, ga ribom ɗinta, fuska babu. Ya duba waya, haka. Ya buɗe na intanet, haka. Ya ruga ofishin maƙwabcinsa ya nuna masa.

"Dakta, ga Walida nan tana dariya mana. Lafiya kake?"

Ya ja mota sai gida. Yana buɗe ƙofa Walida ta taho da gudu. "Abba oyoyo! Abba oyoyo!"

Ya ɗaga ta sama, ya duba. Sumul. Muryar tana fitowa, bai ga inda take fitowa ba. Ya ƙwalla ƙara, ya dire ta, ya ja da baya. Yarinya ta tsaya da hannu a miƙe, ta fashe da kuka.

An yi ruƙiyya, an sha rubutu, likitan ido ya ce idonsa garau. Fuskar kowa yana gani, har ta mai gadi, har ta mai kayan miya, ban da ta Walida. Ya gwada shafa tata da tafin hannu, ya ji kamar ya shafa ƙwarya. Daga nan ya koma yi mata magana yana kallon ƙasa.

Yanzu Walida ta girma, lafiyarta ƙalau. Rannan aka ji tana tambayar uwarta a kicin, a hankali, "Umma, muni gare ni? Me ya sa Abba ba ya iya kallona?"

Yana falo, ya ji. Har yau kullum sai ya ɗauke ta hoto, ya ajiye a waya, ya ajiye a kwamfuta, ya ajiye a intanet, ko wata rana za a bar shi ya gani.

Don haka ko ruwan wanke-wanke za ku zubar, ku yi bisimilla, ku ce a kauce. Ba mu kaɗai ke da 'ya'ya ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, na naɗe tabarmata. Wa zai kai kwanukan nan bayan gida? Au, kun yi shiru?