Harshen Ƙararrawar Bature Mai Garma

Bayan sallar Juma'a aka kai rahoto ofishin 'yan sanda cewa an sace ƙararrawar tagulla a wani gida a unguwar Hindawiyya da ke Jidda. Kafin Sufeto Saif ya isa, 'yan unguwa sun gama shari'arsu sun damƙe wani ɗan dako mai suna Yahya. Dama mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki.

Saif haifaffen Jidda ne, Hausarsa ta gado ce. Ya tarar da mai gidan, Hajiya Mastura, zaune a zaure, tana numfashi da ƙyar.

"Khala," ya kira ta da Larabci, wato inna, "ƙararrawar ta wane ne?"

"Ta kakana ce, ɗana. Baturen Ingila ne. Zamanin mulkin Turawa ya zo ƙasar Jos, 'yan'uwansa suka riƙe mulki, shi ya riƙe garma. Ya noma dankali, ya gina masauki a bakin hanya, ya musulunta ya auri kakata. Turawa suka daina gaishe shi. In abinci ya nuna sai ya kaɗa ta, matafiya su zo. Uwata ce ta goyo ta har nan Jidda. Duk Juma'a nake kaɗa wa 'yan dakon tashar jirgin ruwa."

Saif ya duba igiyar da ke lilo a bakin ƙofa. Ba yanka ta aka yi ba, kwance ta aka yi a tsanake.

Ɗanta Mus'ab ya matso. "Da idona na ga Yahya ya fita da buhu. Halas, shi ke nan, Sufeto, ka tafi da shi."

A cikin mota Yahya ya shiga rantsuwa. "Wallahi kayan aikina ne a buhun. Shekara nawa ina cin tuwon gidan nan? In kafilina da ya tsaya mini ya ji, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta tafi, ga 'ya'ya a gida."

Saif ya bi layin gida-gida. Mai shago ya ga Yahya da buhu, amma bai ji ƙarar ƙararrawa ba, ko ƙaras.

Ya dawo wurin tsohuwar. "Khala, ana ɗaukarta ba ta yi ƙara ba?"

"Sai an cire harshen, ƙarfen da ke bugunta daga ciki. Da ƙarfen garmarsa kakana ya ƙera shi. Dokarsa ce, in tukunya ba komai a cire a binne cikin hatsi, kada a kira baƙo ga yunwa. Yau da safe da hannuna na maƙala shi."

"Wa ya san wannan?"

"Mu dai 'yan gida."

Saif ya shiga kicin, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin buhun shinkafa. Da ya fito, wani baƙin ƙarfe ne a tafinsa.

Ya ajiye shi gaban Mus'ab. "Ɓarawon waje zai jefar da wannan, ko ya tafi da shi. Wanda ya girma a gidan nan ne kawai hannunsa zai mayar da shi wurinsa."

Mus'ab ya kalli ƙarfen, sannan ya durƙusa gaban uwarsa.

"Ummi, likita ya ce zuciyarki ba za ta ƙara jure wuta ba. Kika rantse muddin tana rataye sai kin dafa. Na kai ta bayan tasha na jefa a teku."

"Yahya fa?" in ji Saif.

"Tsoro ne ya kama ni."

Abin ya yi wa Saif ciwo, don shi ma yana da tsohuwa a gida. Amma ƙazafi ƙazafi ne. Ya sa aka kwance Yahya, aka shigar da Mus'ab motar a madadinsa.

Hajiya Mastura ba ta yi kuka ba. "Kakana ya rasa danginsa saboda baƙo," ta ce, "kai kuma ka ba da baƙo saboda ni."

Ta miƙe a hankali, ta ɗauki ƙarfen, ta tsaya a bakin ƙofa tana buga murfin tukunya da shi. Motar na juyawa Mus'ab ya ji ƙarar, ya rufe fuska.

"Yahya, wanke hannu," ta ce. "Shinkafar ta huce."