Matar Mai Aski Ta Daina Dariya

Wata bakwai da haihuwar tagwaye, wata bakwai rabon Maman Biyu da dariya. Ba baƙin ciki ba ne. In ta yi dariya, ko tari, ko atishawa, sai fitsari ya kufce mata. Ba wanda ya sani. Ta rage shan ruwa, ta koma ɗaura zani biyu, ta daina zama a kujerun falo.

Mijinta mai aski ne, bakinsa ba ya hutawa. Ranar nan ya dawo daga shago ya same ta a kicin.

"Maman Biyu, yau wani mai sanƙo ya zo, gashi uku a kansa, wai in yi masa tsaga a gefe."

Dariya ta taso mata. Ta cije leɓe, ta matse ƙafafu, ta juya wajen tukunya.

"Da can ko sallama na yi sai kin yi dariya. Me na yi miki?"

"Ba komai."

Inna, uwarsa, tana bakin ƙofar ɗakinta tana jin su. Mace ce mai ɗaurarriyar fuska, 'ya'yanta ma ba su san launin haƙoranta ba.

"Bar wahalar da bakinka," in ji ta. "Yarinyar nan ta gaji da kai ne. In na shigo falo ta miƙe, in baƙi sun zo ta shige ɗaki. Ƙarshen wata ta tafi gidansu. In zama ya ƙare, ya ƙare."

Mijin bai kare matarsa ba. Shirun nan nasa ya fi maganar Inna yi wa Maman Biyu ciwo.

Kwana biyu bayan haka ta kai yara rigakafi. Tana kan layi atishawa ta zo, zani ya jiƙe. Wata dattijuwar nas ta gani, ta ja ta ɗaki ta rufe ƙofa.

"Tun yaushe?"

Sai hawaye.

"Share fuskarki, yau ke ce ta huɗu." Ta duba ta, sannan ta ce, "Akwai tsoka a ƙasan mara, kamar majanyi take, ita ke tallafe da mafitsara da mahaifa. Tagwaye sun sassauta ta. Ɗaure ta za ki yi. Matse, kamar kina riƙe tusa a gaban surukai."

"Kai, Anti—"

"Ki ƙirga biyar ki saki, ki huta biyar. Sau goma, safe da rana da yamma. Ban da riƙe numfashi, ban da matse ciki ko cinya, kuma ba lokacin fitsari ake yi ba. Ki koma shan ruwanki. Bayan wata uku ki dawo, in bai yi ba akwai mataki na gaba. Mijinki ya sani?"

"Gara ya sake ni."

"To ai hanyar kika kama."

Daga asibiti shagonsa ta wuce. Ba kowa, yana kaɗe gashi daga kan kujera da burushi. Ta faɗa masa duka, idonta a ƙasa.

Ya ajiye burushin. "Shi ke nan? Ni kuwa wata bakwai ina zaton labaraina ne suka lalace. Har kwastomomi na riƙa gwadawa a kansu."

Dariya ta ƙwace mata, abin da take gudu ya faru a tsakiyar shago. Bai ko duba ƙasa ba. Ya ciro ƙyallen da yake yafa wa masu aski ya miƙa mata.

"Ɗaura. Mu je gida."

A gida ya ce wa Inna matarsa ba inda za ta. Inna ta ce a ba ta dalili. Maman Biyu ta durƙusa ta faɗa da bakinta. Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Da safe tana jingine da bango a kicin tana ƙirge a zuci, sai ga Inna.

"Ke. Biyar kika ce ana ƙirgawa?"

"Biyar, Inna."

"Tun haihuwar mijinki nake fama. Shekara talatin da huɗu. Ba wanda ya ce mana yana da magani."

"Ko babba ma yana yi masa amfani, Inna."

"Na tambaye ki shekaruna ne? Nuna min."

Cikin wata uku Maman Biyu ta samu kanta, ta koma zani ɗaya. Na Inna ya ɗauki lokaci, sai da surukarta ta raka ta asibiti, amma ita ma ta ga sauƙi.

Ciwo bai kai ga raba auren nan ba, ɓoyo ne ya kusa raba shi. Mace, in abu ya same ki, faɗa wa mijinki, ki je asibiti, ki yi haƙurin magani. Kai kuma namiji, in an ce a kori matarka, kada ka yi shiru.