Ɗaurin Cikin Furera

"Furera! Kunun nan ma kaji kika zuba wa?"

Furera ta sunkuyar da kai. Inna, mahaifiyarta, na tsaye a kanta riƙe da ƙwaryar kunun kanwa wayam, ga kaji can bayan rumbu suna ta wawaso.

"Na ƙoshi ne, Inna..."

"Kin ƙoshi da me? Iska? Mai jego ce fa ke! Ji yadda yarinyar nan ke tsala kuka tun hantsi. Ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, ba abin da take samu!"

Haihuwar fari ce ta kawo Furera wanka gida Kakangi. Mijinta Abarshi yana Birnin Gwari, shi ke tuƙa motar wani Baturen haƙar zinariya. Tana da tsohon ciki ya taɓa ba ta labari, yana ta dariya, wai Turawa sunaye gare su iri-iri na teɓa. In tumbi ya turo gaba, su ce cikin tukunya. In kitse ya zagaye ƙugu, su ce safayar taya, irin wadda ake ɗaurewa a bayan mota. Ya ce matar Baturen ma wata riga mai igiyoyi take matse cikinta da ita, ta fito siririya kamar zanzaro.

Kamar zanzaro... Maganar nan ta zauna mata daram a zuciya.

Da ta haihu ta ga cikinta ya saki, ya yi luguf, sai ta samo tsohon zane tana ƙara tamke shi a kan ɗaurin da Inna ke mata. Kunu kuwa sai kaji. In ta lumshe ido takan hango kanta a gaban mota, suna ratsa daji, inuwar ɗorawa na gilmawa a fuskarta, ita siririya, Abarshi na satar kallonta har yana mance hanya.

Da la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, ƙasa na ƙamshi, aka ji ƙugin mota a bakin gari.

Abarshi ne ya zo. Ya durƙusa daga nesa ya gaida surukarsa.

"Lafiya lau," in ji Inna, fuskarta a gefe. "Ga ta nan. Ka yi mata magana, ko taka za ta ji."

A zaure Furera ta zauna a ɗofane, goyo a baya, tana jan numfashi da ƙyar.

"Farin watana, me ya same ki? Dubi wuyanki!"

"Ba komai, Malam."

"Ba komai kike haki kamar kin hau dutse?"

Jaririyar ta sake callara kuka, muryar duk ta dushe. Furera ta so ta basar, kamar yadda kunyar 'yar fari ta tanada, amma hawaye suka riga ta.

"Kai ka ce... safayar taya. Ka ce matar Bature kamar zanzaro. Ba na so in dawo ka dube ni ka tuna da bayan mota..."

Abarshi ya dafe kai.

"Inna lillahi! Furera, don ki yi dariya na ba ki labarin nan! Matar Baturen da kike ji, rannan a Dogon Dawa sai da na tsaya aka fito da ita ana mata fifita, numfashi ya gagara. Sunayensu ne, su kira nasu cikin da su."

Ya sassauta murya.

"Wannan cikin naki, shi ne ɗakin 'yata na farko. A nan ta kwana, a nan ta tashi. Wallahi ko ya kai randa ina son abina."

"Randa kuma?" Dariya ta kufce mata cikin kuka.

"To, tulu."

"Malam!"

Ta kwanto goyon zuwa cinyarta. Yau kam ba ta kau da kai ba. Ta dubi ɗan bakin da ya bushe, da 'yan yatsun da ke laluben ƙirjinta. Mafarkin mota take ta yi, 'yarta na kwana da yunwa.

"Kadijatu..." ta faɗa a hankali, sunan da ba ta taɓa bari ya fito daga bakinta ba. "Yi haƙuri, uwata."

Ta sa hannu ƙarƙashin riga ta warware kullin. Zanen ya sulale ƙasa. Ta ja numfashi mai tsawo, ƙamshin ruwan sama ya cika mata ƙirji.

Sai ga hannu ya turo ƙwarya ta ƙofar cikin gida, kunu na tururi. Ashe Inna ba ta yi nisa ba.

Abarshi ya ɗauko ya riƙe mata. Ta sha, ta sha, har sai da ta ga gindin ƙwaryar.

"A ƙaro, Inna," ta ce, kunya kamar ta nutse.

Daga bayan zana muryar Inna ta fito.

"Alhamdu lillahi. Kaji kuwa daga yau sai su koma tonon bola."