Raken Da Bai Ƙosa Ba

Ƙara ce ta kai Yahuza asibiti a Makarfi. Ba ciwo ba, ƙara kawai, wani tsiii da ya maƙale masa a kunnen dama ko an kashe injin matse rake. Tun tasowarsa a gindin injin nan yake a Nasarawan Doya, yana matsa, yana dafa mazarƙwaila.

Aka nuna masa wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Ya zaci tsohon likita zai tarar. Sai ga doguwar yarinya, baƙa, da farin hijabi, tana warware wayoyi.

"Sunana Khairiyya, ni ke auna ji. Sa wannan a kunne. In ka ji ƙara ka ɗaga hannu."

Ya ɗaga hannu.

"Malam, ai ban kunna ba."

"To ni dai na ji wani abu."

Ta sunkuyar da kai don kada ya ga dariyarta. Ya gani.

Da ta gama ta faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana. Kunnen dama ya fara gajiya. Abin da ya tafi ya tafi, saura kuwa ana iya tsare shi. Ta ba shi 'yan robobin toshe kunne, ta ce ya dawo bayan wata. Mako bai cika ba ya dawo da ƙullin mazarƙwaila, wai ya zo a duba ko robobin sun zauna daidai.

Daga nan waya ta ɗauka.

"Likitata, na toshe kunne kamar yadda kika ce. Yanzu ba na jin kowa sai ke."

"Mai Rake, ni ba likita ba ce. Kuma ka cire su in Baba na kira, kada a ce ni na lalata ka."

A gidan kawunta take zaune, nan yake zuwa zance. Ran da ya fito da maganar aure, ba ta yi murmushin da yake jira ba.

"Akwai abin da za ka sani tukuna. Ina da bashi."

"Na wa?"

"Na karatu. Mahaifina ya rasu ina tsakiyar jami'a, na ci rancen ɗalibai na ƙarasa. Ba ruwa a kansa. Duk wata ana yankar wani abu a albashina tun bai iso hannuna ba. Abin da ya rage in ci, in aika wa Inna can garin Taba, in zuba adashi. Zai ɗauki shekaru kafin in gama."

Yahuza ya ce, "Wannan ne kawai? Na zaci wani ne ya riga ni."

Akwai wanin kuwa. Bilya dillalin rake, mai farar mota, ya daɗe yana sintiri ƙofar gidan. Ita dai gaisuwa ce tsakaninsu.

Matsalar ba Bilya ba ce, Malam Mamuda ne, mahaifin Yahuza. Mutum ne da ko gishiri bai taɓa karɓa a shago ya ce sai gobe ba. Ya saurari ɗansa har ƙarshe, sannan ya ce, "Ba a gidana ba."

"Baba, bashin karatu ne fa."

"Bashin karatu ba bashi ba ne? Kai Yahuza, jana'iza nawa ka tsaya? Me liman ke tambaya kafin a yi salla? Wa ke bin mamaci bashi, wa ya ɗauka. In ta mutu a ɗakinka, wa zai ɗaga hannu? Ta biya, sannan ka dawo mu yi magana."

Yahuza bai gaya wa Khairiyya ba. Nan ya fara kuskure. Ya shiga lissafi shi kaɗai, kuma lissafin mai soyayya ba lissafi ba ne. Yana da fadamar rake tasa ta kansa, wadda ya gada wajen kakansa. Damina ce, raken bai ƙosa ba, sai kaka zai yi zaƙi ya yi kuɗi. Duk manomi ya san mai sayar da rake a tsaye tun yana ɗanye, dillali ne ke yanka masa farashi. Ya sani sarai. Ya nemi mai kuɗi a hannu, bai samu kowa ba sai Bilya.

Bilya ya zaga gonar yana taɓe baki, ya taya rabin abin da za ta yi. Yahuza ya sallama. Aka ba shi kafin alƙalami mai kauri a gaban shaidu.

Washegari Bilya ya tare Khairiyya a bakin asibiti, ya sauke gilashi.

"Hajiya, ki taya ni murna, na yi gona. Saurayinki ya sayar min da rakensa tun yana shan nono. Wai bashinki zai biya. Da ni kika tambaya, ai ba sai an yi kuka ba."

Ta wuce shi. Ta tura wa Yahuza saƙo.

"Yahuza, kana ina?"

Da ya ga ba Mai Rake a ciki, ya san akwai magana.

"Ina fadama, Khairi. Lafiya?"

"Tsaya nan."

Ta hau acaɓa da kayan aikinta. Ta same shi a bakin rafi, ya fito da kuɗin daga aljihu a cikin baƙar leda, ya miƙa mata da hannu biyu yana murmushi.

Ta ɗora hannuwanta a baya.

"Wa ya aike ka?"

"Baba ya ce ba aure sai an biya."

"Shi ne ba ka faɗa min ba? Ka ga, bashin nan ba ya ƙaruwa. Yau da shekara mai zuwa duk ɗaya ne. Rakenka kuwa kullum ƙaruwa yake. Ka kashe mai girma don ka biya wanda ke zaune wuri ɗaya. In ka ba ni wannan, da me za ka sayi taki baɗi? Me za ka zuba a inji? Mu shiga gida ba bashi, ba abinci?"

"Ni dai so nake in ɗauke miki."

Muryarta ta sauka. "Na sani. Wallahi na sani, kuma ba zan manta ba. Amma ni na zauna a ajin nan. Duk wata in na ga an cire kuɗin, raina na ɓaci, sai wata uwa ta shigo da ɗanta da bai taɓa cewa Mama ba, mu yi ta fama har ya faɗa. Sai in ce to, ga abin da na saya. Ka bar ni in biya abina, Mai Rake."

"In Baba ya ƙi fa?"

Ta daɗe tana kallon raken. "Sai mu jira. In jiran ya fi ƙarfinka, ba zan riƙe ka ba."

Ta juya da sauri don kada ya ga idonta.

Ya kai wa Bilya kuɗinsa. Bilya ya ce ciniki ya faɗa, akwai shaidu. Dole Yahuza ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa ya zayyana komai. Malam Mamuda ya kira shi sakarai, ya sake kiransa, sannan ya ɗauki hularsa. Aka zauna da dattawan kasuwa. Bilya bai tashi a banza ba, an bar masa gefen rafi, inda raken ya fi kauri, a kan farashin da ya taya. Saura ya dawo.

A hanyar gida, tsohon na bayan babur, suna wuce gada ya taɓa kafaɗar ɗansa.

"Kai. Kuɗin, a hannu ka miƙa mata?"

"A hannu, Baba."

"Ta gani da idonta?"

"Ta gani."

"Ta ƙi karɓa."

"Ko taɓawa ba ta yi ba."

Suka ƙara tafiya.

"Ta fi ka hankali," in ji Malam Mamuda. "Gaya wa kawunta muna tafe ranar Juma'a."

Da yamma wayar Khairiyya ta yi ƙara.

"Likitata, Baba ya ce kin fi ni hankali. Na ji zafi, amma na yafe. Ki sa a share zaure."

"Alhamdu lillahi. Ka ce masa na gode. Kai kuma kada ka sake sayar da ko kara ɗaya ban sani ba."

Bayan an sare rake aka ɗaura aure. Lefe bai yi yawa ba, gwaggwanni sun yi ƙananan maganganu, suka gaji suka bari. Da aka kawo amarya gaida surukai, ta durƙusa a lulluɓe. Malam Mamuda ya yi gyaran murya.

"'Yata, bashin naki ne, ki biya a hankali, ba mai matsa miki. Amma ki sani, in Allah ya ɗauke ki a gidan nan kafin ki gama, ni zan ɗaga hannu a gaban liman. In na riga ki, ga mijinki."

"Haba Malam!" in ji mahaifiyar Yahuza. "Ranar biki ake maganar gawa?"

"To yaushe za a yi? Ran da ba ta ji?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. A ƙarƙashin mayafi Khairiyya kuka take, ba wanda ya sani sai Yahuza da ke bakin ƙofa yana kallon kafaɗarta.

Tsohon ya ɗaga hannuwa. "Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana. Allah ya sa ki ga ƙarshen bashin nan da ranki da lafiyarki."

Aka shafa, aka ce amin.