Kwalaben Zoɓo a Kogin Ngadda

"An ce jiya an gan ki a tsakiyar kogi."

Ina tsugune ina tace tsamiya Baba ya faɗi haka. Bai ɗaga murya ba. Yana tsaye a ƙofar zaure, fuskarsa a ɗaure, ko takalminsa bai cire ba.

"Gaskiya ne, Baba."

"A jirgin wannan Babarbaren?"

"Eh... amma tare da Gwaggo Hassana muka shiga."

"An ce har da kwalabe. Ana jawo su daga cikin ruwa ana sha, maza da mata, ana dariya."

Matacin ya suɓuce daga hannuna.

"Baba, wallahi zoɓonmu ne..."

"Zoɓonmu a tulu yake fita daga gidan nan, Saude. Ban san shi a kwalba ba. Daga yau kada ƙafarki ta sake taka bakin kogi."

Ya juya ya fita. Ban buƙaci a gaya mini wanda ya kai masa maganar ba. Maikuɗi ne, dillali a Kasuwar Shanu, wanda ya daɗe yana nemana ina cewa a'a, Baba kuma bai taɓa matsa mini ba. Na hango shi jiya a kan gada, ya dafa ƙarfe yana bin jirginmu da ido.

A shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa Maiduguri aka yi wannan. Gari ya cika da baƙi, ma'aikatan reluwe, malaman makaranta, akawuna da matansu. Damina ta yi kyau, Ngadda ya cika ya batse. A lokacin ne Babakura, Babarbaren da Baba yake nufi, ya dawo daga Baga, inda ya yi shekaru yana gyaran injinan jiragen masunta. Ya taho da wani tsohon jirgi mai faɗi, ya toshe shi, ya shafe shi da farin fenti, ya yi masa rumfar zana, ya shimfiɗa tabarmi a kan bencina. Kullum bayan la'asar sai ya ɗebi mutane daga mashigar Gwange, ya zaga da su su sha iska, ya dawo da su kafin a kira magariba.

Abin da ya rasa shi ne mai yi masa abin sha da abin taɓawa. Ƙawata Salomi, wadda take aikin jinya, ita ta nuna masa gidanmu a Hausari. Gwaggo Hassana, yayar Baba, ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, kuma duk unguwar an san alkakinta. Ni kuma nawa zoɓo ne da kunun aya, da ardeb, ruwan tsamiyar nan na Barebari da na koya a wurin maƙwabta.

Ni nake kai kayan bakin ruwa. In sauke tulu, in miƙa kwando, in juya.

"Wushe, 'yar Afuno," zai ce da yarensu, wato sannu 'yar Hausawa. "Sannu da wahala."

Daga haka ba ya ƙarawa. Amma ko ban waiwaya ba na san bai tayar da inji ba sai na hau gaɓa.

Ranar da na shiga, Salomi ce ta dage. Ta zo da mijinta Dzarma, malamin makaranta, ta riƙe mini mayafi.

"Kina dafa wa mutane daɗi, ke ba ki taɓa ɗanɗanawa ba? Gwaggo, ki sa baki."

Gwaggo ta dubi jirgin, ta dubi ruwan, ta yi ajiyar zuciya.

"To mu je. In ga abin da ake faɗa."

Babakura ya kafa gora a ƙasa ya danne jirgin da jikinsa har muka zauna, ko motsi bai yi ba. Sannan muka tashi.

Ban taɓa sanin garinmu yana da wata fuska ba sai ranar. Daga kan ruwa komai ya yi laushi. Itatuwan dogon yaro sun sunkuyo suna leƙen kansu, mata suna kwashe shanya a bakin gaɓa, balbelu suna komawa gida layi layi. Ruwan da nake gani kullum kamar kunu, rana na sauka sai ya koma kalar zuma.

Ni dai rabin kallona a kansa yake.

Duk inda muka tarar da masunci a ƙaramin kwale-kwale, sai ya rage inji tun daga nesa, don kada igiyar ruwanmu ta girgiza shi. Ya san sunan kowa a bakin kogin. Wata matar ma'aikacin reluwe ta ce kanta na juyawa, bai yi mata dariya ba, ya mayar da ita tsakiya, ya ce ta riƙa kallon nesa, ya ba ta citta ta tauna.

Da muka kai wata kwana mai faɗi, sai ya kashe injin gaba ɗaya.

"Yanzu ku saurara," ya ce.

Muka yi shiru. Ruwa na lasar gefen jirgi a hankali, tsuntsaye na kiran juna.

Ya sunkuya ya jawo wata igiya daga cikin kogin. Kwalabe ne a jere, ɗaure a wuya, suna ɗigar ruwa. Ashe zoɓona yake ɗurawa a cikinsu ya sake su a ruwa su yi sanyi. Ya zuba wa kowa a kofi, ya zagaya da alkaki da dakuwa da soyayyar gyaɗa da kilishi. Na kurɓa. Ni na dafa shi da hannuna, amma ban taɓa jin daɗinsa haka ba.

"Jama'a," ya ce, "kullum kuna tambayata mai wannan zoɓo. Ga ta nan yau."

Suka yi ta sa albarka. Na ja mayafi na rufe fuska.

A hanyar dawowa, Gwaggo na hira da Salomi, ya yi magana ƙasa ƙasa, idonsa na kan ruwa.

"Saude."

"Na'am."

"Kullum in kin juya kin hau gaɓa, sai in ji jirgin ya yi mini girma."

Na sunkuyar da kai. Ya ci gaba.

"Ina so in turo magabatana wurin mahaifinki Malam Nasidi. Amma sai in kin yarda, abar ƙaunata."

"Ka turo..." na ce, da ƙyar ni ma na ji muryata.

Washegari ne Baba ya tsaya a ƙofar zaure da maganar kwalabe.

Gwaggo ba ta bar ta ta kwana ba. Da ya dawo daga kasuwa ta tare shi.

"Nasidi, ni ma na sha. Ko ni ma mashayiya ce?"

"Yaya, ba haka nake nufi ba."

"To tashi mu je ka gani. Ka kira mai kawo maka labarin ma ya zo."

Suka tafi, ni ina gida ina zagaye tsakar gida. Da suka dawo Gwaggo ta ba ni labari. Ta ce Maikuɗi har da nuna igiyar da sandarsa. Babakura bai yi musu da kowa ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya jawo kwalaben duka ya jera a gabansa, ya ce ya zaɓi wadda ya ga dama. Baba ya buɗe ɗaya ya shinshina, ya ji kanumfari da cittar gidansa. Kafin ya ɗago, Maikuɗi ya tuna yana da shanun da zai duba.

Na yi tsammanin shi ke nan.

Amma da kawunnan Babakura suka zo, Baba ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, ya ce su yi haƙuri.

"Yaron kirki ne, na gani. Amma ba zan ba ɗan ruwa 'yata ba."

Na kwanta a ɗaki na ƙi cin abinci. Gwaggo ta shigo ta zauna a gefena, ta daɗe tana shafa kaina.

"Ba ƙinsa yake yi ba, 'yar nan. Muna da ƙane, Ado, autanmu. Tun muna Kano, kafin a haife ki. Sun je fatauci shi da babanki, a mashigar Wudil kwale-kwale ya kife da Ado. Babanki yana tsaye a gaɓa yana jiran nasa layin, yana kallo. Ba a ga ko hularsa ba. Tun daga ranar bai sake taka jirgin ruwa ba. Ko gada zai hau, ba ya duban ƙasa."

"Ke kuma Gwaggo, kika shiga?"

"Ni ban gani da idona ba. Shi ya gani."

Na yi kuka, wannan karon ba don kaina ba.

Bayan 'yan kwanaki Babakura ya zo da kansa. Ina bayan zana ina jin su a zaure.

"Baba, na ji dalili, kuma ban ga laifinka ba. Akwai mai son jirgin, zan sayar masa. Ana neman masu gyaran inji a reluwe. Ba zan sake hawa ruwa ba, in dai za ka ba ni Saude."

Ban san lokacin da na ɗaga zanar na durƙusa a bakin ƙofa ba.

"Baba, ka gafarce ni, ban taɓa shiga maganarka ba..."

"Me ya fito da ke?"

"Kada ka bari ya sayar. Da hannunsa ya tayar da jirgin nan. Na ga yadda yake kula da ran mutane a cikinsa. In ya sauka saboda ni, duk damina zai riƙa kallon kogi yana shiru, ni kuma ina sane ni ce sanadi. Gara in haƙura."

"Saude..." Babakura ya ce a hankali.

"Gara in haƙura," na sake cewa, hawaye na zuba.

Baba ya dube ni, ya dube shi. Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya leƙo tsakar gida.

"Yaya, ki shirya. Saude, ɗauko mayafinki."

Muka bi shi har mashigar Gwange. Mutane sun fara taruwa. Babakura na ganinmu ya ba su haƙuri, ya ce yau jirgi na baƙi ne na musamman.

Baba ya daɗe a tsaye a bakin ruwan. Sannan ya yi bisimilla ya tattare rigarsa ya shiga. Ya zauna a tsakiya, ya damƙe gefen benci da hannu biyu har jijiyoyinsa suka fito.

Babakura bai taɓa injin ba. Gora ya ɗauka, ya riƙa tura mu a hankali ta gefe gefe, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Can Baba ya ɗago.

"Nan ka kawo 'yata?"

"A'a Baba. Can gaba ne, inda ya yi faɗi."

"Da zurfi?"

"Da zurfi."

Baba ya gyara zama.

"To kai ni."

Ya kai mu. Duk hanya yana gaya masa abin da zai yi kafin ya yi, yanzu za mu karkata dama, yanzu jirgi zai ɗan girgiza, ba komai. A wannan kwanar ya tsayar. Rana ta yi ƙasa, ruwa ya kwanta lumui, balbelu na wucewa ta samanmu.

Na ga hannun Baba ya saki benci, ɗaya, sannan ɗayan. Ya ɗaga su sama.

"Allah ka jiƙan Ado," ya ce. "Allah ka sa ruwan nan ya zame masa rahama."

Gwaggo ta rufe fuska da gefen mayafinta. Muka shafa tare. Baba ya daɗe yana kallon ruwan, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Ashe haka yake da kyau," ya ce a ƙarshe, kamar da kansa yake magana.

Sannan ya juyo.

"Kai Babarbare, haka ake barin baƙo da ƙishirwa a jirginka?"

Babakura ya yi sauri ya jawo igiya. Ya zuba a kofi ya miƙa masa. Baba ya sha, ya ɗauki alkaki ya gutsura.

"Ka gaya wa kawunnanka su dawo. Jirginka kuma ka riƙe abinka."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Amma da sharaɗi. Ranar da za a kai amarya gidanku a Gwange, ta gada za a bi da ita. Ban yarda a saka mini ita a jirgi ba."

"An gama, Baba."

Babakura ya saci kallona. Na sunkuyar da kai, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa.

Sai bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren. Danginsa suka naɗe ni da lafaya, dogon mayafin nan na matan Barebari, suka turara ni har na rasa gane ƙamshin jikina. A lokacin Ngadda ya ƙafe ƙaf, jirgin Babakura na kife a kan yashi yana jiran damina, awaki na kwance a inuwarsa. Gwaggo ta ce ko da ƙafa sai a tsallaka da ni.

Baba ya ce shi dai ya faɗi tasa.

Ta gada aka bi da ni. Yana tsaye a bakinta da sandarsa, har sai da ya ga mun sauka a wancan gefen.