Katin Jan Barde

"Kwanta, Alhaji. Kwanta na ce."

Alhaji Hashim bai kwanta ba. Ba taurin kai ba ne, ciwon suga ne ya kama masa ƙafa, ba ta lanƙwasuwa, shi ya sa ma bai tafi masallaci ba. Juma'a ce, liman na huɗuba, layin shagonsa a Ƙofar Wambai ya yi tsit.

Su uku ne suka zo. Jibrin, ogansu, shi ke riƙe da bindiga ƙirar gida. Abdulmalik na biye da shi da buhu. Dukansu sun rufe fuska. Mustafa yana waje cikin adaidaita sahu, inji a kunne.

"Ba kuɗi muka zo nema ba," in ji Jibrin. "Ina katunan?"

Katunan Mayaƙan Dutse yake nufi, wasan waya da ya haukata samarin birni. Kowane kati na da tambari a ƙarƙashin fentin azurfa. A kankare, a haska da kyamarar waya, sai wani mayaƙi ya buɗe maka a cikin wasan. Sau ɗaya yake yi, daga nan ya zama kwali. Alhaji ne babban dilansu, kuma a cikin gilashin kantarsa akwai katin Jan Barde, mayaƙin da babu wanda ya taɓa buɗewa a Kano.

'Yardada, babbar 'yar Alhaji, wadda ke riƙe da harkar katunan, ta turo kwalin katunan da ƙafa daga bayan kanta.

"Ga shi. Ku ɗauka ku tafi. Baba, don Allah ka ƙyale su."

Abdulmalik ya juye kwalin a buhu. Sai ya juya ga gilashin, ya sa gwiwar hannu. Gilashin ya tarwatse, Abdulmalik ya fizge katin Jan Barde. Alhaji ya kai hannu ya damƙi rigarsa.

"Wannan kam ba za—"

Ƙarar bindiga ɗaya! Tattabarun saman kwano suka watse. Alhaji ya zame a jikin kanta, ya zauna, yana kallon cikinsa kamar na wani.

Kafin a sallame salla sun ɓace a lungunan Jakara.

Wani kango suka shige, tsohon ɗakin ajiye fatu da har yanzu yake wari. Mustafa ya kasa zama.

"Oga, ka ce ba za a taɓa kowa ba."

"Shi ya taɓa mu."

"Dattijo ne fa. Ina ɗaukarsa kasuwa da safe."

"To je ka yi masa gaisuwa." Jibrin ya nuna buhun da bakin bindiga. "Malik, kai ka san kayan nan. Ka ware masu tsada. Kada wanda ya leƙa waje sai na samo mai saye."

Alhaji ya cika a asibiti kafin la'asar. Labari ya cika gari, dillalai suka ja baya, kaya sun yi zafi. Jibrin kullum yana fita, yana dawowa da fushi. Mustafa ya koma kwana da rana, fuska a bango. Abdulmalik kuwa yana zaune da buhu, wayarsa a cinya.

A gidan makoki a Gwale, wani sufeton 'yan sanda ya tsaya a zaure, aka kira masa 'Yardada.

"Malama, ko murya ba ki gane ba?"

"Ɗaya ne ya yi magana. Ban san shi ba."

"Ɗayan fa?"

"Bai ce komai ba. Amma bai tambayi inda katin Jan Barde yake ba, kai tsaye ya nufi gilashin."

Sufeto ya bar mata lambarsa ya tafi, ba tare da wani fata ba.

Ranar addu'ar uku, tana zaune cikin mata, wayarta ta yi ƙara. Wasan kan sanar da kowa idan an buɗe babban mayaƙi. Ta karanta: Malik Jakara ya buɗe Jan Barde. Ta san sunan. Ita ta buɗe masa asusun wasan da hannunta. Saurayi ne mai shiru, yakan sayi kati ɗaiɗai, sannan ya daɗe tsaye gaban gilashin har Baba ya miƙa masa kujera.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa, ta kira sufeto.

Washegari da hantsi Jibrin ya shigo kangon da wani dillali mai tsoro, sai waige yake yi.

"Sai na gwada ɗaya," in ji dillalin.

Ya zaro kati daga buhu, ya kai shi hasken taga. Ya goga da yatsa. Azurfar ta biyo yatsan, fentin farce ne aka shafa bayan an kankare katin. Ya haska da waya. An riga an yi amfani da shi. Ya zaro wani. Haka. Wani kuma. Haka.

"Malam, shara ka kira ni in saya?"

Ya fice bai jira amsa ba.

Jibrin ya juyo a hankali. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Malik. Ina Jan Barde?"

"Oga, bari in yi maka bayani."

"Na kashe mutum a kan kayan nan."

"Ɗaya na ce zan buɗe, wallahi. Ɗaya kawai. Sai na ga—"

Bindiga ta ɗago. Mustafa ya miƙe ya shiga tsakani, hannuwa a buɗe.

"Oga, ya isa. Jini ɗaya ya ishe mu."

"Matsa."

"Ba zan matsa ba."

Ƙarar ta cika ɗakin. Mustafa ya faɗa kan buhun. Kafin Jibrin ya sake ɗura harsashi, ƙofar langalanga ta ɓalle — 'yan sanda! Tun safe suke bin lungun gida-gida, 'yan unguwa na nuna musu hanya, don babu mai wasan da bai san waye Malik Jakara ba. Jibrin ya nufi taga. Suka janyo shi ta ƙafa, suka danne.

Mustafa bai kai asibiti ba. Ya bar mata da goyo, da uwa makauniya da yake ciyarwa. Jibrin da Abdulmalik suna gidan yari, shari'ar kisa na jiransu.

A ofishin 'yan sanda aka kira 'Yardada ta shaida. Abdulmalik na zaune a ƙasa da ankwa, ya kasa ɗaga kai.

"Anti, ban san zai harba ba."

Ta dube shi.

"Da Baba ya riƙe rigarka, ya gane ka," ta ce. "A mota, kan hanyar asibiti, na yi ta tambayarsa waye. Ya ƙi faɗa. Ya ce yaron yana da uwa."

Abdulmalik ya kifa goshi a siminti. Ta gyara mayafinta ta fita.